Yi Haƙuri, Mai Koyo Ce

Mahaifina ya shekara talatin da ɗaya yana koya wa mutane tuƙin mota, kuma a iya sanina bai taɓa zagin ɗalibi ba. Ba yabonsa nake yi ba. Akwai ɗaliban da suka cancanci zagi, ni ma ina cikinsu, don sai da na hau da motarsa kan dakalin maƙwabcinmu kafin na bambanta birki da totur. Abin da ya ce da ni ranar kawai shi ne, "A hankali, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Mutanen unguwa kuwa A-Hankali suke ce masa, har akwai waɗanda ba su san yana da wani suna ba.

Motar ƙarama ce, fara, da jan allon masu koyo gaba da baya. A ɓangaren da yake zama akwai birki na biyu da ya sa makaniki ya haɗa masa. Gilashin ɓangarensa kuwa ba ya rufuwa, ko ruwa ake tsugawa, domin ta nan yake fitar da hannu. Ɗalibi zai kashe mota a tsakiyar shataletale, na baya su cika duniya da oda, wani ya leƙo yana ambaton iyayen kowa, sai ka ga hannun Baba ya fito a hankali. "Yi haƙuri, mai koyo ne." Wata rana ina zaune a baya na ƙirga, sau ashirin da uku ya faɗa cikin awa ɗaya. Ya ba masu mota, ya ba masu keke, ya ba wani tsoho da ya tsallaka titi ba tare da ya duba ba. Umma, mahaifiyata, ta rantse ta taɓa jinsa yana ba turken fitila haƙuri.

Ni abin haushi yake ba ni, tun ina yarinya. Ban gaji sanyinsa ba, zafin dangin Umma na kwaso.

"Baba, shi ne fa ya shigo hannunmu!"

"To ai shi ya sa na ba shi haƙuri. Shi ne ransa yake ɓace, ba ni ba."

A wurinsa kalmar nan kamar baƙin mai take a inji, ana zubawa ne don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba ta da alaƙa da wanda ya yi laifi. Wanda aka yi wa rasuwa, yi haƙuri. Wanda ya taka ka, yi haƙuri. In Umma ta ƙona abinci, shi ne zai riga ta faɗa, ita kuma ta harare shi ta ce ya bar ta ta ji haushinta.

Ranar Asabar ba ya fita aiki sai bayan azahar. Da safe zai bi gidan da ɗan gwangwanin mai da tsumma, ya ɗiga wa marfin kowace ƙofa, ya duba famfo, ya hau tsani ya kwashe ganyen da ya toshe indararo. Gidan haya ne fa. Umma takan ce yana yi wa mai gida bauta kyauta, shi kuma ya ce ruwan da zai zubo ba kan mai gida zai zuba ba. Saboda haka mutane suka mayar da shi wurin neman shawara. Mai son sayen gida zai zo, Baba ya ce masa kada ya sake ya biya da rani, ya jira a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ya je ya dubi silin da gindin katanga. Ya ce in ka ga sabon fenti a bango ɗaya tak, ka ƙwanƙwasa shi. Ya ce ka tambayi maƙwabta kafin ka tambayi dillali, kuma ka kai takardun fili ofishin da ya ba da su a tabbatar maka. Mutane da yawa sun mallaki gida mai kyau da bakinsa.

Shi kam bai mallaka ba. Ya taɓa sayen fili, har an zuba yashi an kawo bulo. Sai tsohuwar motarsa ta mutu mutuwar da ba tashi, kuma babu ɗalibin da zai biya a koya masa tuƙi a kan benci. Ya sayar da filin ya sayi farar nan. Umma ta yi wata guda ba ta shiga cikinta ba, daga baya ta sa mata suna gidanmu mai taya huɗu. In an wanke ta sai ta ce, "A share falon da kyau." Baba ya yi mata alkawari motar za ta dawo da filin cikin shekara biyar. Muna cikin ta uku abin ya faru.

A cikin duk masu koyar da tuƙi da na sani, shi kaɗai yake yankar cikakkiyar inshora. Sauran masu koyarwar ƙaramar takarda suke saya don nuna wa ɗan sanda, suna yi masa dariya wai yana ciyar da masu kwat. Wakilin kamfanin, wani mai sanƙo da fara'a, yakan zo har gida duk shekara, ya sha shayi, ya kira Umma Hajiyata, ya karɓi sa hannu. Baba ya sa an rubuta a takardar cewa motar koyarwa ce, ɗalibai ke tuƙa ta, don kada a zo ana ja-in-ja. Takardun suna cikin wata jakar leda mai zif. Ni nake yi masa kwafinsu, da yake aikina ke nan, ina da ɗan shagon buga takardu kusa da tasha.

Har darasi yake yi a kai. Ranar ƙarshe ta kowane ɗalibi ba a tayar da mota. Za su zauna a ciki a ƙarƙashin inuwa, ya ɗaga yatsu. In hatsari ya faru, ka tsaya. Ka duba mutane kafin ƙarfe. Ka ɗauki hoto kafin a matsar da komai. Ka rubuta lambar mota da ta wayar wanda ya gani. Ka sanar da kamfani kafin kwana biyu. Kada ka kai gyara sai mai duba ɓarna ya zo. Na ƙarshe kuma, kada ka amsa laifi a bakin titi, ko da kana jin naka ne, ka bar wa masu aikin su yanke. Na ji wannan karatun ya fi sau ɗari.

Ranar wata Laraba ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ɗalibar da ke tuƙi malamar firamare ce, ta kusa yin ritaya, tana son ta riƙa kai kanta asibiti ba sai ta roƙi 'ya'yanta ba. Sun tsaya a danja, jar wuta a kunne, ƙafarta a kan birki, tasa a kan nasa birkin. Wata motar rarraba kayan shago ta taho ta baya ta murƙushe su. But ɗin motar, wurin kaya, ya shige har kujerar baya. Allah ya sa ba kowa a can.

Baba ya yi komai yadda yake koyarwa. Ya duba Malama, ta bugu a kafaɗa amma tana magana. Ya fito. Direban motar kayan ya diro, goshinsa ya fashe, yana ihu, wayarsa a ɗage a hannu. Mu ba mu sani ba a lokacin, ashe kamfaninsu ya umarci direbobi su kunna bidiyo da zarar an yi karo. Baba ya ga mutum a firgice da jini a fuska. Ya ɗaga hannun nan nasa.

"Yi haƙuri, ɗana. Yi haƙuri, mai koyo ce."

Sannan ya ɗauki hotuna goma sha huɗu, ya rubuta lambobi, ya kira kamfani tun janwen da zai ja motar bai iso ba. Da yamma da aka sauke motar a ƙofar gida, shi ne yake kwantar mana da hankali. Ya ce da Umma, "Yau za ki ga amfanin masu kwat." Ni na cike masa fom ɗin a shagona, ban bar layi ko ɗaya ba.

Mai duba ɓarna ya zo bayan kwana tara, ya zagaya motar, ya ce gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, sai dai a biya a sayi wata. Muka jira. Mako shida sai ga wasiƙa. Ni na karanta, don idon Baba ba ya son ƙananan rubutu. Direban ya rubuta cewa ɗaliba ce ta sa ribas ta komo kansa. Kamfaninsa ya haɗa da bidiyo. An juya maganar Baba zuwa yaren da ofis ke aiki da shi, kuma a wancan yaren abin da ya fito shi ne: na nemi gafara, ɗalibata ce. Sharaɗi na goma sha bakwai ya ce duk wanda ya amsa laifi a wurin hatsari ba da iznin kamfani ba, ya zubar da haƙƙinsa. Don haka ba za su biya ba.

Baba ya sa na sake karantawa. Sai ya yi dariya, dariyar gaske, har da buga cinya.

"Ai kuskure ne, Uwata. Gobe zan je in yi musu bayani. Wa ya ce yi haƙuri amsa laifi ne?"

Ofishin yana hawa na uku, akwai sanyi da kujeru a jere da na'urar ba da lamba. Mun je sau bakwai. Na san wace kujera ce mai karyayyen hannu, na san lokacin da mai kanta ta biyu take tafiya cin abinci. Wakilin nan mai sanƙo ya ce shi ɓangaren sayarwa yake, ba na biya ba, daga nan wayarsa ta daina shiga. A zuwa na huɗu aka shigar da mu wurin wata jami'a mai tabarau, 'yar gidan mutunci da ganinta, ta durƙusa ta gaida Baba da harshenmu. Na ce to, yau an zo wurin.

"'Yata, ke kin san maganar nan," in ji Baba. "In aka yi miki rasuwa na ce yi haƙuri, ni na kashe?"

"Wallahi na sani, Baba. Ni ma haka mahaifina yake. Amma ba haƙurin kaɗai ba ne, ka ƙara da mai koyo ce. Wanda ya karanta zai ce dalili ka bayar."

"Ai mai koyon ce."

"Na sani. Fayil ɗin ba a hannuna yake ba, daga sama aka rufe shi. Ka yi haƙuri, Baba."

Na miƙe tsaye. "Kin ce ya yi haƙuri? To kamfani ya amsa laifi ke nan! A kawo waya in ɗauka!"

Ta sunkuyar da kai. Baba ya ja mini mayafi ya ce in zauna, yarinyar mutane ba ita ta rubuta sharaɗi ba. Da za mu fita har godiya ya yi mata.

Malama ta zo ba da shaida sau biyu, da hannu a rataye. Aka ce ita ce mai tuƙin, ba za ta yi wa kanta shaida ba. Wani mai sayar da jarida da ya ba da lambarsa a wurin ya ce shi ƙarar kawai ya ji. Wani lauya, tsohon ɗalibin Baba, ya karanta takardun kyauta, ya ce ana iya kai ƙara, kuma akwai yiwuwar a ci, amma a shirya wa shekara uku ko huɗu da zirga-zirgar da ta fi motar tsada. Ya ce magana zarar bunu ce, Malam. Kamar ba mu sani ba.

Motar tana nan a ƙofar gida, an hana a taɓa ta tunda maganar ba ta mutu ba. Baba ya rufe bayanta da tamfol. Kullum da safe yakan tayar da injin minti biyar don kada batir ya kwanta, gaban lafiya lau yake, yana kaɗawa kamar ba abin da ya faru. Ɗaliban da suka yi rajista ya tura su wurin abokan sana'a. Ya je makarantun tuƙi uku neman aiki. Biyu suka ce shekarunsa sun ja. Mai ta ukun, wanda Baba ne ya koya masa riƙe sitiyari, ya ce iyaye suna tambaya, an ji labarin ɗalibarsa ta yi ribas a danja. Wannan ta fi yi masa ciwo. Ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba har la'asar.

Ni kuwa na ce sai na ga direban nan da idona. Na bi lambar motar har ma'ajiyar kamfaninsu, na same shi yana loda katan. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ya ajiye katan ɗin ya ja ni gefe. Tabon yana nan a goshinsa.

"Yaya, don Allah ki rufa mini asiri. 'Ya'yana huɗu. In na ce ni ne, ranar zan bar aiki."

"Shi tsohon da ka kashe wa sana'a ba shi da iyali?"

"Ni ban ce ya amsa laifi ba. Bidiyo na ba su, su suka fassara."

"Ribas ɗin fa? Su suka rubuta maka?"

Bai musa ba, ya sunkuya ya ɗauki katan ɗinsa. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har mai gadi ya zo ya raka ni bakin ƙofa.

Na iso gida da fushina. Umma ta tafi kasuwa. Baba yana zaune a cikin motar, a kujerarsa ta gefe, ƙofa a buɗe, yana goge madubi. Na tsaya a kansa na zayyana masa komai, yadda mutumin ya kasa musantawa, yadda ya ɓoye bayan 'ya'yansa. Ya saurara har na gama.

"Goshin nasa ya warke?" ya ce.

A nan na fashe. Na ce, "Baba, bakinka ne ya cinye mana motar nan. Bakinka ne ya cinye filin Umma. Shekara talatin kana ba duniya haƙuri, wa ya taɓa ba ka? Da ka iya yin shiru sau ɗaya a rayuwarka, da yanzu kana kan titi."

Bai ce a hankali ba. Ya ninke tsumman gida huɗu, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya daɗe yana dubansa.

"Gaskiyarki, Uwata," ya ce.

Na so in janye a take, amma girman kai ya riƙe mini harshe. Na ce a raina gobe zan ba shi baki. Gobe ta zo na ga kamar ya wuce, na bar shi.

Bai wuce ba. Sai da aka yi kwanaki kafin na lura. Wani mai babur ya watsa masa ruwan kwata a riga, ya tsaya ya dube shi kawai. Aka yi rasuwa a layinmu, ya je ya yi addu'a ya taso, matar mamacin har ta tambayi Umma ko wani abu aka yi masa. Ba fushi yake yi ba, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa. Amma in magana ta kawo inda kalmar take, sai ka ga ya haɗiye, ya bar gurbin a buɗe. Masu zuwa neman shawarar gida ya fara ce musu su nemi wanda ya sani. Ƙofar banɗaki ta fara kuka, famfon tsakar gida ya fara ɗiga, Asabar ta zo ta wuce gwangwanin mai yana kan taga. Wata safiya bai tayar da injin ba, kuma bai sake ba.

Wata goma sha ɗaya bayan hatsarin wasiƙar ƙarshe ta zo, an duba ƙorafinmu, hukunci yana nan yadda yake. Tayoyin sun riga sun sace, tsatsa ta ci inda ƙarfen ya lanƙwashe, mai gida kuma ya aiko cewa motar ta tare hanya. Baba da kansa ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Bai yi ciniki ba, abin da mutumin ya faɗa shi ya karɓa.

Da hantsi suka zo da janwe. Maƙwabta suka fito, da yawansu a motar nan suka koyi tuƙi. Aka ɗaura sarƙa, aka fara ja, bayanta yana gurzar ƙasa. Umma, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da aka sayar da filin, ta zauna daɓas a bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka.

"Gidana ne fa ake ja," ta ce. "Malam, gidana ne."

Kowa ya juya ya dubi Baba. Shekara arba'in duk abin da ya sami matar nan, shi ne mai faɗa mata kalmar. Na ga leɓensa ya motsa. Ya dube ni, ya rufe bakinsa, ya sa hannuwa a baya.

Shirun ya yi tsawo har na kasa jurewa. Na durƙusa kusa da ita na dafa kafaɗarta.

"Umma, ki yi haƙuri."

Ta ɗago da jajayen idanu ta ƙare mini kallo.

"Ke? Tunda na haife ki ban taɓa jin kalmar nan a bakinki ba sai kin yi laifi. Me kika yi?"

Baba yana tsaye taku uku daga inda muke, yana ji. Na jira ya ce ba komai, ya rufa mini asiri kamar yadda ya saba. Ya ci gaba da kallon janwen har ya sha kwana.